Jarrabawa za ta iya nuna sojan da zai iya kawo kurata?

Tambaya: Malam, ni tsohon soja ne, na ajiye kaki ina samanja, yanzu ina kula da ɗaukar ma'aikata a wani kamfanin masu gadi. Na ji an ce a Amurka har sojojin da ake turawa neman kurata sai an yi musu jarrabawa ta musamman kafin a ba su aikin. Anya takarda da biro za su iya nuna wanda zai iya wannan aiki? Ni dai a sanina, kallo ɗaya nake yi wa mutum in gane ko zai yi.

Amsa: Ranka ya daɗe Samanja, jarrabawar tana iyawa, amma kaɗan. Kuma ko wannan kaɗan ɗin zai amfane ka ko ba zai amfane ka ba, ya dogara ga abubuwa biyu da babu su a cikin takardar: da me kake auna nasarar mutum bayan ya kama aiki, kuma mutum nawa kake da ikon ka ce wa a'a. Zan kai ka ga duka biyun, amma sai mun fara fahimtar aikin kansa, domin ba irin wanda ka sani ba ne.

A nan gida in aka buɗe ɗaukar soja, matasa ne ke yin tururuwa. A cike fom ta intanet, a taru wurin tantancewa a jiha, a yi gudu, a auna tsawo, likita ya duba, waɗanda suka tsallake su nufi Defo a Zariya. Hafsan da ke wurin aikinsa tankaɗe da rairaya ne. A Amurka kuwa tun 1973, da aka soke shiga soja na tilas bayan jama'a sun ƙosa da yaƙin Biyetnam, duk wanda ka gani cikin kaki ko dai da ƙafarsa ya zo, ko kuma wani ne ya bi shi ya lallashe shi. Rundunar sojan ƙasa kaɗai, a shekarun baya-bayan nan, takan nemi sababbin kurata tsakanin 55,000 da 80,000 a kowace shekara. Wannan nauyi yana wuyan sajoji da aka barbaza cikin ƙananan ofisoshi a garuruwa, ƙarƙashin wata runduna mai hedikwata a barikin Fort Knox da ke jihar Kentucky.

Ka ɗauki saje ɗaya. Ofishinsa wani shago ne a jerin shaguna, gefensa mai aski, gefensa mai sayar da abinci. A gabansa akwai jerin sunaye da lambobin wayar 'yan ajin ƙarshe na sakandare, domin wata dokar ilimi da aka sa wa hannu a 2002 ta wajabta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su ba shi, sai fa in iyaye sun ce a cire ɗansu. Yana bugawa ana kashewa, yana bugawa ana kashewa. In ya dace wani ya saurare shi, sai a zo ga ko ya cancanta. Ƙiyasin ma'aikatar tsaron ƙasar ya nuna kashi 23 cikin 100 ne kawai na matasa masu shekara 17 zuwa 24 za su iya shiga ba tare da an yi musu sassauci ba. Sauran ƙiba ta hana su, ko rashin lafiya, ko shan ƙwaya, ko tarihin laifi, ko ƙarancin karatu. Wanda ya cancanta kuma sai an zauna da uwarsa a falo ana amsa tambayoyi. Ya sa hannu, a ba shi ranar tafiya nan da wata huɗu, kafin ranar ya samu aiki ko budurwa ta hana, ya daina ɗaga waya. Wata na ƙarewa a dubi allo a ga nawa saje ya kawo. Ga shi da yawa daga cikin waɗannan sajoji ba su nemi aikin ba. Mutum yana gyaran tankar yaƙi ko yana rundunar dakaru, takarda ta zo cewa zai yi shekara uku yana neman kurata.

To, wace jarrabawa ce za ta hango wanda zai jure wannan?

Abin da aka fara dubawa shi ne kaifin basira, domin a nan sojan Amurka suka fi gogewa. Tun 1917, lokacin yaƙin duniya na farko, suke yi wa kurata gwajin basira, kuma a yau kowane soja yana da makinsa na ASVAB, wato jarrabawar shiga soja, a fayil. Makin yana taimakawa wurin hango wanda zai ci makarantar koyon aikin, inda akwai dokoki da ƙa'idoji da cike takardu. Amma in aka zo ga yawan mutanen da zai kawo, ba ya faɗin abin kirki. Ba a soja kaɗai ba. A 1998 Vinchur da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi shekara da shekaru a kan masu tallan kaya na kamfanoni. Akwai ma'aunin alaƙa da muke amfani da shi: sifili na nufin babu alaƙa ko kaɗan, ɗaya na nufin abu biyu suna tafiya tare babu saɓani. Sun samu alaƙar basira da makin da shugaba ke ba ma'aikaci ta kai wajen 0.40, amma alaƙarta da ainihin cinikin da mutum ya yi wajen 0.04 ce, wato kusan babu. Mai basira yana burge maigidansa, amma ba lalle ya fi sayarwa ba. Abin da ya fi hango ciniki a wannan bincike shi ne halin son cimma buri, wanda alaƙarsa ta kai wajen 0.41, sai kuma ƙarfin hali na tunkarar mutane da jan ragamar magana.

Wannan ya dace da abin da masu binciken soja suka riƙa gani. Mutane sukan ɗauka mai zaƙin baki, mai raha, wanda ke cika ɗaki da surutu, shi ne gwanin wannan aiki. Son mutane yana da rana, ban musa ba. Amma wanda ya fi daɗewa yana kawo kurata shi ne mai naci: an kashe masa waya da safe, ya sake bugawa da yamma, ya ce zai zo ranar Talata, ranar Talata yana ƙofar gida, takardun yaro ba sa ɓacewa a hannunsa. Sojan ruwa ne suka fara zurfafa wannan bincike a shekarun 1970, inda Walter Borman da abokansa suka tattara labaran aiki mai kyau da maras kyau daga bakin masu aikin, suka fitar da fannonin da ake auna mutum a kansu: gano matasan da suka cancanta, ƙulla amana da su, iya shawo kansu, kyautata hulɗa da mutanen gari, ba da sahihin bayani, tsare takardu, da taimaka wa abokan aiki. Daga nan suka gina gwaji mai tambayar hali da tarihin rayuwa da abin da mutum ke sha'awa. Sojan ƙasa suka biyo baya da nasu, ciki har da wanda ake kira NLSI da aka riƙa ba sajoji a makarantar aikin daga farkon shekarun 2000. Abin da aka yi ta samu shi ne alaƙa mai gaskiya amma ƙarama, kuma amfaninta ya fi fitowa a ƙasan jeri: waɗanda suka zo can kurya a maki sun fi faɗuwa a makaranta, sun fi ƙarancin kawo mutane. A takaice ta fi iya nuna maka wanda bai kamata ka tura ba, a kan ta nuna maka zakara.

Sai batun kallo ɗaya, Samanja, kuma ka yi mini haƙuri. An taɓa gwada shi. A wani bincike da Borman ya wallafa a 1982, an ɗauki sojoji 57 da ke shirin shiga makarantar masu neman kurata, aka sa gogaggun masu aikin su auna su ta hanyoyi daban-daban. An sa kowa ya buga waya ga baƙon da bai san da zamansa ba, ya zauna da wani da ke kwaikwayon uba mai fargabar ɗansa zai shiga soja, ya yi ɗan gajeren jawabi a kan aikin soja, ya warware tulin takardu a tebur. Makin da aka haɗa daga waɗannan gwaje-gwaje na aikace ya hango yadda za su yi a makaranta da alaƙa kusan 0.50. Makin da masu aunawa suka bayar daga ganin farko kuwa kusan sifili ya tashi. Kuma don a yi adalci, a wannan binciken hira da gwajin hali na takarda ma ba su taɓuka komai ba. Mutum 57 ba su da yawa, kuma nasarar makaranta aka auna, ba ta fage ba, don haka kada a ɗora masa fiye da abin da zai ɗauka. Amma darasinsa ya yi daidai da abin da aka gani a wasu ayyuka: in kana so ka san ko mutum zai iya abu, sa shi ya yi ɗan yankin abin a gabanka. Ido yakan yaudari gwani ne saboda waɗanda ya kora ba ya sake ganinsu, balle ya san ko da sun yi kyau. Waɗanda ya ɗauka suka yi kyau su yake tunawa.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Duk lokacin da aka ce jarrabawa tana hango nasara, tambaya ta farko ita ce, nasara a wane ma'auni? Abin da ya fi sauƙin ƙirgawa shi ne yawan kwantiragin shiga soja da saje ya sa aka sa wa hannu a wata. Lamba ce, babu gardama a kanta, shi ya sa shugabanni ke son ta. Amma lamba ce mai ƙazanta. Manomin da aka ba fadama da wanda aka ba fako, in ka auna su da yawan dami kawai, ƙasa ka auna, ba manomi ba. Jihohin da ke kudancin ƙasar Amurka sun daɗe suna ba da kurata fiye da kasonsu na jama'a. Gari mai bariki kusa, mai cike da tsofaffin sojoji, yaransa sun saba da kaki tun suna ƙanana. Garin da aiki ya yi ƙaranci yakan fi kawo mutane a kan garin da masana'antu ke neman ma'aikata. Sajen da ke irin wannan wuri zai iya zama a kujera mutane na shigowa. Wani kuma, wanda ya fi shi ƙwazo nesa ba kusa ba, yana birnin da kowane yaro jami'a ya sa gaba, ya ƙare wata da mutum ɗaya ko babu. In ka ɗauki makin jarrabawarsu ka gwama da wannan lamba ba tare da ka cire tasirin wuri ba, jarrabawa mai kyau ma za ta fito kamar maras amfani.

Ba wuri kaɗai ba. Lambar ƙarama ce ƙwarai, ɗaya ko biyu a wata, saboda haka sa'a tana da babban rabo a ciki. Yaro ɗaya ya faɗi gwajin likita, watan saje ya lalace. Sai an tara watanni masu yawa kafin ainihin mutum ya fito. Sannan kuma shi saje ba katako ba ne, yana kallon yadda ake auna shi yana daidaita ƙoƙarinsa. Masu bincike na cibiyar RAND sun daɗe suna nuna wannan. James Dertouzos ya nuna tun a shekarun 1980 cewa kason kuratan da aka ɗora wa mutum ya kawo yana sarrafa irin ƙoƙarin da zai yi da irin matasan da zai bi. Beth Asch kuma ta duba wani tsarin lada na sojan ruwa da ake tara maki a cikinsa na wata goma sha biyu, ta ga ƙwazo yana hawa in lokacin lada ya matso, ya sauka bayan an karɓa. Akwai kuma tsohuwar dabara da kowane mai tallan kaya ya sani: in ka cika kason wannan wata, ka ɓoye na gaba a aljihu sai wata mai zuwa, kada a ga ka yi yawa a ƙara maka kaya.

Kana iya cewa to a bar lamba, a tambayi shugabansa. An yi hakan, kuma gwaje-gwajen hali sukan fi dacewa da makin shugabanni a kan lambar kwantiragi. Sai dai shugaban ma allon yake kallo, kuma yana da waɗanda yake so.

Abin da ya fi damuna a auna mutum da lamba tsagwaronta shi ne irin mutumin da za ta fifita. A 2005, yaƙin Iraƙi na ci, rundunar sojan ƙasa na neman 80,000, matsi ya yi yawa har aka samu rahotannin sajoji suna koya wa matasa yadda za su samo takardar sakandare ta jabu ko su tsallake gwajin ƙwaya. Ranar 20 ga Mayu na shekarar aka dakatar da aikin a duk ƙasar na yini guda don a yi wa kowa tuni a kan ɗa'a, kuma duk da haka shekarar ta ƙare da giɓin sama da mutum 6,000. A bataliyar neman kurata ta Houston a jihar Texas, sajoji huɗu sun kashe kansu tsakanin 2005 da 2008, binciken da aka yi kuma ya ambaci mummunan shugabanci da matsin aiki cikin dalilai. Ka ga ke nan in ka gina jarrabawarka don ta hango yawan kwantiragi kawai, ba ka da tabbacin ba maƙaryata kake zaɓa ba. Ma'aunin da ya fi dacewa sai ya haɗa da ingancin waɗanda aka kawo, wato masu takardar sakandare da makinsu ya kai na matsakaicin matashi ko ya fi a jarrabawar shiga, da nawa ne suka tafi horo a ranar da aka sa, da nawa suka kammala, da kuma ko an taɓa kama sajen da ha'inci.

Gwajin hali yana da wata matsala tasa, ita ce ƙarya. Ka tambayi mutum ko yana cika alkawari, wa zai ce a'a? A wannan aiki ma ƙaryar fuska biyu gare ta: mai son aikin zai ƙawata kansa, wanda ba ya so a raba shi da rundunarsa zai iya ɓata amsoshinsa da gangan don a kyale shi. Maganin da aka samo shi ne a daina tambayar i ko a'a, a ba mutum jimla biyu masu kyau daidai wa daida a ce ya zaɓi wadda ta fi kama da shi. Misali: "Ina gama abin da na fara ko da ya gundure ni", da "Ina saurin sabawa da baƙi". Duka biyun abin yabo ne, babu ta inda zai gane wadda ake so. Gwajin TAPAS da aka fara ba masu shiga soja a 2009 a kan wannan tsari yake, kuma daga gare shi aka samar da wani na sajojin da za a ba ayyuka na musamman, ciki har da neman kurata. Yana rage ƙarya, ba ya kashe ta.

Mu koma ga abu na biyu da na ce, ikon cewa a'a. Akwai wani tsohon lissafi na Taylor da Russell tun 1939 da ya kamata duk mai ɗaukar ma'aikata ya sani. A ce ba tare da jarrabawa ba rabin waɗanda kake ɗauka suna yin kyau, kuma jarrabawarka alaƙarta 0.30 ce, wanda a wannan fanni ba abin rainawa ba ne. In cikin masu nema goma ɗaya kawai za ka ɗauka, mafi maki, to masu yin kyau za su tashi daga 50 zuwa wajen 71 cikin 100. In rabi za ka ɗauka, wajen 60. In kuwa tara cikin goma dole ka ɗauka, wajen 52, wato ka ɓata takarda ne kawai. Jarrabawa ɗaya, inganci ɗaya, amfani ya bambanta haka. Wannan a ganina shi ne dalilin da ya sa aka kwashe shekaru ana gina gwaje-gwaje masu kyau ga masu neman kurata amma ba su cika zama ƙofar da ake bi tilas ba. Lokacin da aka fi buƙatar gwanaye shi ne lokacin da kurata suka yi wuya, kuma a daidai lokacin ne ake buƙatar cika kowace kujera, ba a da sukunin korar kowa.

Kai a kamfaninka sa'arka ita ce masu nema sun fi guraben yawa, don haka ko matsakaicin gwaji zai biya ka. Shawarata, ka tsara hira mai tambayoyi iri ɗaya ga kowa, da makin da aka rubuta tun kafin a fara. Wani babban nazari da Paul Sackett da abokansa suka fitar a 2022 ya sa irin wannan hira a sahun gaba wajen hango ƙwazon aiki, gaba da gwajin basira. Ka haɗa da ɗan gwaji na aikace: wani ya zo ƙofa yana masifa sai ya shiga babu izini, ka ga yadda mai neman aikin zai yi da shi. Ka ajiye makin kowa a fayil, bayan shekara ka gwama da wanda ya riƙa latti, wanda aka kama yana barci, wanda ya gudu. In makin bai raba su ba, ka canza gwajin. Kada ka ɗauko tambayoyin Amurka ka fassara, domin jimlolin da suke daidai wa daida a wurinsu ba lalle su zama haka a kunnen namu ba.

Su kansu Amurkawan sun canza hanya. A shekarar kuɗi ta 2022 sojan ƙasa sun nemi 60,000 suka samu wajen 45,000. A 2023 sun nemi 65,000 suka sake gazawa. A watan Oktoba na 2023 sakatariyar rundunar ta lokacin, Christine Wormuth, ta sanar da garambawul: a rage dogaro ga sajojin da ake turawa na wucin gadi, a ƙirƙiro sana'a ta dindindin ta ƙwararrun masu neman kurata, mai lamba 42T, waɗanda za a zaɓa a horar don wannan aiki kaɗai. A irin wannan tsari ne jarrabawa za ta iya yin tasiri, domin zaɓe ake yi cikin masu so. A 2024 sun cika adadin da suka sa, amma kada wani ya ce maka gwajin zaɓe ne ya yi. An sauke adadin zuwa 55,000, kuma tun 2022 aka buɗe wani shiri a barikin Fort Jackson da ke ɗaukar matasan da suka gaza a maki ko a nauyin jiki, a gyara su na 'yan makonni kafin horo, wanda ya shigo da dubban mutane da a da za a mayar gida. Wanda ke son ya san ko sabon zaɓen ya yi aiki sai ya gwama sajojin da aka zaɓa da waɗanda aka tura, a garuruwa masu kama da juna, a shekara ɗaya, ya ƙirga kuratan da suka kammala horo suka kama aiki.